Hawan Jini da Sanyin Hunturu: Jan Hankali ga 'Yan Kasuwa da Iyalansu



Hunturu ya kama. Iska ta juyo daga arewa maso gabas, hazo ya lulluɓe gari, leɓɓa sun fara tsagewa, duk wanda ya fito kafin hantsi kuwa sai ya naɗe kansa da rawani ko mayafi. Wannan ne kuma lokacin da kasuwa ta fi ci. An gama kaka, gero da dawa da wake da riɗi sun shigo, motoci na tashi tun kafin assalatu daga Maraɗi zuwa Jibiya, daga Konni zuwa Illela, daga Damagaram zuwa Maigatari da Kano.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, yawancin aikina kuwa awon jini ne a unguwanni da ranakun kasuwa. Abin da nake gani kowace shekara shi ya sa na rubuto muku wannan takarda. Mutanen da awonsu ke daidai da damina, sai a same shi ya haura a watan Disamba da Janairu, alhali ba su jin komai a jikinsu. Sanyi yana ɗaga hawan jini, kuma yana ɗaga shi a daidai lokacin da ɗan kasuwa ya fi sammako, ya fi kwana a hanya, ya fi manta maganinsa. Idan mai gida ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki, rumfa takan rufe, jari ya ƙare a asibiti, wani lokaci har yara su bar makaranta. Yawancin wannan asara ana iya kauce mata, in an san abin yi tun da wuri.

Mene ne hawan jini?

Zuciya famfo ce da ke tura jini cikin jijiyoyi zuwa kowane lungu na jiki. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a lambu ya san abin da ke faruwa idan aka matse bakin tiyo: ruwan bai ƙaru ba, amma ƙarfinsa ya ƙaru, injin ya shiga wahala, tiyon kuma yana iya fashewa a inda ya yi rauni. Haka hawan jini yake. Ƙarfin da jini ke dukan bangon jijiyoyi da shi ne ya yi yawa, kuma ya zauna a sama dare da rana. A ɓangaren Nijar mutane da yawa kan kira shi tansiyo. Ciwon ɗaya ne.

Sunan yakan ruɗi wasu, su ɗauka jini ne ya yi yawa a jiki, don haka ƙaho zai rage shi. Ƙaho ba ya buɗe jijiyoyin da suka matse. Wasu kuma sun ɗauka ciwo ne na mai yawan tunani ko mai ƙiba kaɗai. Damuwa da ƙiba suna taimaka masa, gaskiya ne, amma akwai gado, akwai shekaru, akwai gishiri, akwai taba, akwai ciwon ƙoda. Siriri mai fara'a ma yana kamuwa da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa masu hawan jini a duniya sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019. Kusan babba ɗaya ke nan cikin uku. Kusan rabinsu ba su san suna ɗauke da shi ba, domin ciwo ne mai kisan mummuƙe. Yana iya shekaru yana cin zuciya da ƙoda da idanu da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da ko ciwon kai ba. Hanya ɗaya ce ake gane shi, ita ce awo.

14 a Maraɗi, 140 a Katsina

Na taɓa auna wani dattijo mai fataucin wake tsakanin ƙasashen biyu. Na ce masa awonsa 160 bisa 100. Ya yi dariya, ya ce na'urata ce ta lalace, domin makon da ya wuce an auna shi a tsallake an ce masa 16 ne kacal. Tun da ya ji 16, ya ga ai wannan ba wani abu ba ne, sai ya ajiye maganinsa. Babu na'urar da ta lalace. Ma'aikatan lafiya da suka yi karatu da Faransanci sukan faɗi awon a taƙaice, su ce 16 da 10, na ɓangaren Najeriya kuwa su ce 160 da 100. Kamar mai cewa jaka goma ne da mai cewa dubu goma. Ku riƙe wannan da kyau, ku ƙara sifili a kan lambar da aka faɗa muku a Nijar, za ku samu ta Najeriya.

Lambobin biyu ne. Ta sama tana nuna ƙarfin jini lokacin da zuciya ta buga, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki tsakanin bugu da bugu. Ga yadda za ku fahimce su:

Ƙasa da 120 bisa 80, wato 12 da 8: awo mai kyau.

Daga 130 bisa 85 zuwa ƙasa da 140 bisa 90: ya fara haurawa, a gyara cima, a riƙa awo.

140 bisa 90, wato 14 da 9, ko sama da haka, a ranaku biyu daban-daban: hawan jini ne, ko da lamba ɗaya ce kawai ta kai.

180 bisa 120, wato 18 da 12, ko sama da haka: a ga likita a ranar, kada a kwana.

Idan an auna ku da na'ura mai nuna lamba, ku roƙi a rubuta muku cikakkiyar lambar, domin 14 tana iya zama 138, tana iya zama 144. Ku tanadi ɗan littafi, kamar na bashi da kuke ajiyewa a rumfa, a rubuta kwanan wata da awo da sunan garin. Duk ma'aikacin lafiya da ya buɗe shi, a Dogon Dutsi ne ko a Daura, zai san inda aka kwana.

Awo ba ya yin daidai sai an kiyaye ƙa'idarsa. Kada ku ci goro, ko ku sha shayi ko taba, minti 30 kafin awo. Ku yi fitsari tukuna. Ku zauna shiru minti 5 a wuri mai ɗumi, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da ƙirji. Da hunturu akwai kuskuren da ake yawan yi, wato ɗaura abin awon a kan rigar sanyi, ko nannaɗe hannun rigar har ya shaƙe dantse. Ku zare hannun daga rigar gaba ɗaya. A auna sau biyu, minti ɗaya ko biyu tsakani. Mai hawan jini ya auna da shigowar sanyi, sannan aƙalla sau ɗaya a wata har sanyi ya fita. Wanda awonsa bai daidaita ba, ko aka canza masa magani, ya bi ranakun da ma'aikacin lafiya ya yanka masa.

Me ya haɗa sanyi da hawan jini?

Idan sanyi ya taɓa fata, jiki yakan matse ƙananan jijiyoyin da ke kusa da ita don kada ɗumi ya fita. Shi ya sa yatsu ke yin sanyi ƙalau. Hanya ta ƙuntata, jinin bai ragu ba, sai ƙarfinsa ya hau, zuciya ta ƙara aiki. Ga matashi mai lafiya wannan ba ya daɗewa. Ga dattijo kuwa, wanda jijiyoyinsa suka riga suka yi tauri, da mai hawan jini, da mai ciwon suga ko ƙoda, ƙarin yakan fi yawa kuma ya daɗe.

Kada ku ce ai sanyinmu bai kai na Turai ba. A Kano da Maraɗi, cikin Janairu, ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 12 ko 13 da asuba, sannan ya kai kusan 30 da rana. Gidajenmu da rumfunanmu an gina su ne don zafi, tufafinmu ma haka. Wanda ke bisa babur ko saman mota kuwa, iskar da ke dukansa ta fi abin da ma'auni ya nuna.

Akwai ƙari a kan haka. Da zafi, gumi yakan fitar da wani ɓangare na gishirin jiki, da sanyi kuwa gumi ya ragu. Motsi ya ragu, mutum ya lafe a wuri ɗaya. Ci ya ƙaru, musamman nama da yaji da shayi. Ƙurar hazo, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, tana kawo mura da tari, su kuma su kai mutum ga magungunan da ke ɗaga jini. Kowane ɗaya ƙarami ne, amma idan suka taru a jiki ɗaya sai su yi nauyi.

A kula da asuba

Ko ba sanyi, awon jini yakan hau da kansa lokacin da mutum ya farka daga barci, kuma shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya sun fi aukuwa da safe. Da hunturu wannan lokaci ne ya fi kowane sanyi. Dubi abin da dattijo ke yi: ya fito daga bargo mai ɗumi, ya taka siminti ba takalmi, ya zuba ruwan da ya kwana a randa a fuska da hannu da ƙafa, ya fita cikin iska da riga ɗaya. Kowane mataki ƙara matse jijiyoyi yake yi.

Gyaran ba shi da wuya. Idan kun farka, ku zauna a bakin gado minti ɗaya ko biyu kafin ku miƙe. Ku sa rigar sanyi da hula da safa tun a ɗaki. A zuba ruwan zafi a fulas tun da dare, a sirka shi da asuba don alwala da wanke fuska. Wanka a bari sai rana ta ɗaga, da ruwa mai ɗumi. Ruwa mai tsananin zafi shi ma yana sa jiri ga mai shan maganin hawan jini. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri, domin ana iya rage su idan rana ta yi. Mai tafiya a babur ko a buɗaɗɗiyar mota ya rufe kai da kunne da wuya da ƙirji, ya sa safar hannu, ya rufe hanci saboda ƙura.

Ya ku 'ya'ya da jikoki, wannan aikinku ne. Fulas ɗin Baba da bargon Inna da toshe kafar taga da iska ke shigowa, duk hidima ce ta lafiya.

Sai dai ku yi hattara da gawayi. Kada a shigar da kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa a kwanta. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana fara wa da ciwon kai da jiri da kasala, tana kuma kashe mutane cikin barci. A ji ɗumi a waje ko a inda iska ke ratsawa, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Gishirin da ake gani da wanda ba a gani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗe da duk wanda ke cikin abinci. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, ruwan ya ƙara wa jijiyoyi kaya. Uwargida takan ce mini ai ita ɗan kaɗan take barbaɗawa. Na yarda. Amma gishirin yana shigowa ta ƙofofi da yawa.

Dunƙulen miya, kusan rabinsa gishiri ne. Farin maggi ma yana ɗauke da sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri mai ɗaga jini. Kanwa ita ma haka, ko a miyar kuka aka sa ta, ko a wake, ko a ɗanwake, ko a kunu. Yajin tsire da na kilishi akwai gishiri da dunƙule a ciki. Ga ƙunshin ɗanɗano da ke cikin taliyar leda, ga kifin gwangwani, ga burodi. Ɗan kasuwar da ya karya da shayi da burodi da taliya, ya ci shinkafa da wake da yaji da rana, ya rufe da balangu da dare, ya wuce cokalin nan tun kafin la'asar.

Ku rage sannu a hankali. Tukunyar da ake sa wa dunƙule huɗu a mayar da ita uku, bayan mako biyu a mayar da ita biyu. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. A cike gurbin da albasa da tafarnuwa da citta da kanumfari da masoro da daddawar kalwa wadda ba a cika mata gishiri ba. Wake a jiƙa shi tun da dare, zai dahu ba sai da kanwa mai yawa ba. A ɗauke gishiri da yaji daga gaban faranti. A kasuwa, ku ce wa mai nama ya rage yaji, ku ce wa mai taliya ya sa rabin ƙunshin. Kada a ware wa mai gida tukunya shi kaɗai, domin ba ya daɗewa a kan haka. Idan gida duka ya rage, yaran ma sun tsira tun da wuri.

Hunturu yana da nasa alherin. Lokacin kayan lambu ne: tumatir da kabeji da karas da latas da albasa sun yi araha, ga lemo, ga zogale da rama. Kayan lambu da 'ya'yan itatuwa da wake suna taimakawa wajen sauke jini. Ku cika rabin faranti da su. Mai ciwon ƙoda kaɗai ne zai nemi shawarar likita kafin ya yawaita su. Zoɓo marar sukari yana ɗan rage awo ga wasu mutane, ku sha idan kuna so, amma ba ya maye gurbin magani.

Goro da shayi mai kauri da kofi da lemon ƙara kuzari da direbobi ke sha, duk suna ɗaga jini na ɗan lokaci. Ku rage, musamman idan awonku bai daidaita ba. Taba kuwa, ta sha ce ko ta shaƙa ko ta leɓe, babu adadinta da ke da lafiya, kuma garin taba ana yawan haɗa shi da kanwa. Ku riƙa shan ruwa ko ba ku ji ƙishirwa ba, domin iskar hunturu busasshiya ce.

Mai zaman rumfa ya sani cewa zama tun safe har magariba ba hutu ba ne ga zuciya. Tafiya da ɗan sauri minti 30, kwana 5 a mako, ta isa. Ku yi ta bayan hantsi ko da la'asar. Ranar da hazo ya yi kauri, ku rufe hanci ko ku motsa a cikin gida. Wanda awonsa ke sama ya bar wa 'yan dako ɗaga buhu, domin nishin ɗaukar nauyi yana harba jini sama nan take.

Maganin mura da na ciwon jiki

Da sanyi mura da ciwon gaɓoɓi sukan yawaita, mai tallan magani kuwa yana zagaya kasuwa da farantinsa. Nan ne mutane da yawa ke rushe abin da maganin hawan jininsu ya gina. Yawancin magungunan buɗe hanci suna aiki ne ta hanyar matse jijiyoyi, kuma ba na hanci kaɗai suke matsewa ba. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen suna riƙe gishiri da ruwa, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, suna kuma wahalar da ƙoda idan aka daɗe ana sha. Haɗin ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda, wanda ba wanda ya san abin da ke ciki, ya fi kowanne haɗari. Haka ƙwayoyin sa ƙiba. Ƙwayar da ake jefawa a ruwa ta yi kumfa ita ma tana ɗauke da sodiyam mai yawa.

Idan mura ta kama ku, ku sha ruwa mai ɗumi, ku yi sirace, ku sha zuma da lemon tsami idan ba ku da ciwon suga. Don zazzaɓi ko ciwon jiki, farasitamol na haɗiya ya fi dacewa, bisa ƙa'idar da aka rubuta. Duk inda za a ba ku magani, ku fara da cewa kuna da hawan jini.

Maganinku abokin tafiyarku ne

Maganin hawan jini yana riƙe ciwon ne, ba ya tumɓuke shi. Idan awo ya yi kyau, alama ce maganin yana aiki. Ranar da aka daina, cikin kwanaki jinin zai koma inda yake. Duk mai cewa yana da jiƙo ko garin da zai raba ku da hawan jini har abada, kuɗinku yake so.

Ku sha a lokaci ɗaya kullum, ku haɗa shi da abin da ba ku mantawa, kamar karin kumallo. Idan kun manta har lokacin na gaba ya kusa, kada ku sha biyu. Kada ku ƙara wa kanku don an yi sanyi, kada ku sha na maƙwabci don ya ce ya yi masa. Ƙari ko ragi aikin likita ne bayan awo.

Kafin tafiya, ku ƙidaya ƙwayoyinku kamar yadda kuke ƙidaya kuɗin mota, ku ƙara na mako biyu a kai. Ba mu manta ba, an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufewa daga tsakiyar 2023 zuwa Maris na 2024. Mota ma takan lalace, ciniki yakan ja kwanaki. Maganin ya zauna a aljihu ko a jakar hannu cikin kwalinsa, kada a bar shi a gaban mota inda rana ke dukansa. Ku ɗauki hoton kwalin a waya. Sunan kamfani yana iya bambanta tsakanin Najeriya da Nijar, amma ainihin sunan maganin, wanda ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe, kusan iri ɗaya ne da Turanci da Faransanci. Ku duba ƙarfinsa kuma, domin amlodifin mai miligiram 5 daban yake da mai 10. Ku saya a kantin magani mai rajista. A Najeriya ku duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.

Idan magani ya dame ku, ku dawo ku faɗa, akwai madadinsa. Amlodifin yakan kumbura idon sawu. Lisinofril da kaftofril sukan sa busasshen tari marar majina, wanda mutane ke ɗora wa hazo su yi ta shan maganin tari a banza. Maganin da ke sa fitsari kuwa, matafiya sukan tsallake shi ranar tafiya. Ku tattauna da ma'aikacin lafiya a kan lokacin sha maimakon ku bari. Idan azumin Ramadan ya gabato, ku je tun kafin a ga wata a tsara muku sha da sahur ko da buɗa baki. Idan zafi ya shigo a Maris da Afrilu, awo yana iya sauka. Wanda ya fara jin jiri idan ya miƙe, ya je a sake auna shi.

Ga masu juna biyu da masu jego

'Yar'uwa mai juna biyu, awon ciki yana tafiya ne tare da awon jini. Hawan jinin ciki yakan bayyana bayan mako 20, kuma shi ke kaiwa ga jijjiga. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, duk na zuwa asibiti ne nan take. Idan kina shan maganin hawan jini kika samu ciki, ki je a duba shi da wuri, domin lisinofril da kaftofril da danginsu suna cutar da ɗan tayi.

Iyaye mata da surukai, ku sassauta wa mai jego kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan kasawar zuciya ga mata bayan haihuwa, suka kuma danganta shi da yawan kanwa da tsananin zafin wankan jego da gasa jiki. Kunun gyaɗa da na tsamiya suna ƙosar da ita. Mai jegon da ke haki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ta kasa kwanciya sai a zaune, a kai ta asibiti a ranar.

Alamomin da ba a jira da su

Ku koya wa kowa a gida da yaran rumfa waɗannan alamomi: baki ya karkace gefe ɗaya; hannu ko ƙafa ta mutu ko ta yi nauyi; magana ta sarƙe ko ta ɗauke; gani ya dushe farat ɗaya; ciwon kai mai tsanani irin wanda ba a taɓa ji ba; ciwo ko nauyi a ƙirji tare da gumi; numfashi ya yi wuya; ruɗewa ko suma.

Idan kun ga ɗaya daga ciki, ku duba agogo ku riƙe lokacin da abin ya fara, ku nemi mota. Ku nufi babban asibiti mafi kusa, ba lallai sai na garinku ba. Kada a ɗura wa mutum ruwa ko kunu ko rubutu ko ƙwaya, domin maƙogwaronsa yana iya kasa haɗiya, abin ya wuce huhu. Kada a sa masa maganin hawan jini a ƙarƙashin harshe. Idan ya fita hayyacinsa, a kwantar da shi a gefe, a rufe shi da bargo. A tafi da littafin awonsa da kwalayen maganinsa. Ko da alamar ta wuce bayan 'yan mintoci, a je, domin gargaɗi ne na babba mai zuwa.

Na san mutane da yawa kan ce bugun iska ne, a tsaya neman taimako a gida har kwana biyu. Jijiya ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma sa'o'in farko su ne suke raba wanda zai koma kasuwa da wanda zai zauna a tabarma. Addu'a ba ta hana tafiya, a yi ta a cikin mota.

Abin da za ku yi a wannan mako

Ku je a auna ku, ku tafi da uwargida da duk wani babba a gidan, ko da kowa yana jin garau. Ku sayi ɗan littafin awo. Ku ƙidaya maganinku. A rage dunƙule ɗaya daga tukunyar yau, a cika fulas kafin a kwanta. Shugabannin kasuwa da na ƙungiyoyin direbobi kuma, na'urar awo ta dantse guda ɗaya, idan aka yi karo-karo aka saya, aka samu ma'aikacin lafiya ya koya wa mutum biyu amfani da ita, za ta wadaci layi guda na rumfuna.

Lafiya ita ce uwar jari, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira. Idan kun gama karantawa, ku karanta wa wanda bai iya ba, ku miƙa takardar ga maƙwabcin rumfa. Allah Ya ba mu lafiya, Ya kai ku kasuwa lafiya, Ya dawo da ku ga iyalanku lafiya.